Yadda ake sayen motar hannu a Gombe ba tare da an sayo wahala ba

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga masu karatu, musamman ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa da suka daɗe suna tara kuɗi, ita ce wace mota ce ba ta ba da wahala. Da yawansu so suke in ce Toyota, su tafi da kwanciyar hankali. Amma na ga Corolla da ta talauta mai ita cikin shekara guda, na kuma ga tsohuwar Peugeot 406 da ke kai da komo tsakanin Gombe da Kano shekara da shekaru ba ta kwana a hanya ba. Sunan kamfani yana da tasiri, kuma za mu zo kansa, sai dai abin da mutum yake biya shi ne mota guda ɗaya da ke tsaye a gabansa, tare da duk abin da ta sha a hannun waɗanda suka riƙe ta kafin shi. Yawancin asarar da nake gani tana faruwa ne saboda an juya tsarin aikin: a fara ba da kuɗi, sannan a kira bakanike, daga baya a tuna da takardu. Ga matakan a jere, kuma jerin nasu yana da muhimmanci kamar su kansu.

Mataki na 1: Raba kuɗinka tun a gida

Kada ka fita neman mota da dukan abin da ke hannunka. Idan naira miliyan shida ka tara, alal misali, motar da ta dace da kai ita ce wadda za a sallama maka a miliyan biyar ko ƙasa da haka, domin ragowar tana da masu jiranta: la'adar dillali, ladan bakanike da mai kwamfutar gano laifin mota, sauya takardu, tayoyi, batir, da gyaran farko wanda babu motar hannu da ke tsallake shi. Inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, naira 15,000 ce ga motar gida tun daga Janairun 2023. Kuɗin kayan gyara kuwa yana bin dala, saboda haka ka zaga shaguna a makon da za ka saya, ka tambayi kuɗin taya huɗu, batir, shokazoba da famfon mai na motar da kake so, ka rubuta.

Ka yi lissafin mai ma. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, za ka riƙa cin karo da manyan motoci masu silinda shida ko takwas a farashin da ke jan hankali. Masu su sun gaji da ciyar da su ne, kuma kai ma za ka gaji idan albashi ne kaɗai madogararka.

Mataki na 2: Zaɓi samfuri, shekara da inji

A nan ne maganar amincin kamfani take shigowa, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure, domin suna riƙe sunan kamfani su manta cewa kamfani ɗaya yana da shekarun da ya ƙera mota mai kyau da shekarun da ya yi tuntuɓe.

Toyota ta cancanci sunan da ta yi. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai inji 1.8 tana jure zafinmu da manmu, kuma kusan kowane bakanike a garin nan ya san cikinta. Amma Camry ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4, wadda ake kira Muscle, an san ta da shan baƙin mai saboda matsalar zoben fistan, har kamfanin da kansa ya amince da hakan. Daga 2010 aka koma inji 2.5 wanda ba shi da wannan suna. Mutum biyu za su sayi Camry iri ɗaya a ido, ɗaya ya huta, ɗaya ya riƙa yawo da galan ɗin baƙin mai a but.

Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda aka fi sani da EOD da DC, injinta mai silinda huɗu yana da ƙwari sosai. Rauninta a hanyoyinmu yana ƙafar gaba: idan boljoyin na ƙasa, wato gaɓar da ke riƙe da taya, ya ci, ko aka sa jabu, taya na iya ficewa ana cikin tafiya. Giyar otomatik ta mai silinda shida a shekarun farko na wannan samfuri ita ma ba ta da dogon kwana, kuma giyar Honda ba ta yarda da kowane man giya sai nata.

Peugeot 406 mai giyar hannu har yanzu tana cikin motocin da suka fi dacewa da Arewa, domin an daɗe ana haɗa ta a Kaduna, kanikawanta suna da yawa, kuma tana da daɗin doguwar tafiya. Peugeot 307 mai otomatik kuwa, giyarta da wayoyinta sun sa mutane da yawa kuka. Nissan masu nau'in giyar otomatik da ake kira CVT, irin su Altima da Murano, giyar ba ta son zafi da lodi, kuma idan ta mutu yawanci sai dai a sauya ta ɗungurungum. Ford Focus ta 2012 zuwa 2016 mai otomatik ta yi ƙaurin suna a Amurka kanta saboda fizgar giya. Hyundai Sonata ta 2011 zuwa 2014 kuma kamfanin ya yi kiranyen ɗimbinsu saboda matsalar inji, don haka sai an tabbatar ko an gyara wadda ke gabanka. Golf, Sharan da Vectra suna da kayan gyara a ko'ina saboda 'yan haya sun riƙe su, amma wannan dalilin ne zai sa ka ɗauka cewa wadda aka kawo maka ta sha lodi a tasha har sai an tabbatar maka da akasin haka.

Mercedes da sauran manyan motocin Jamus ba miyagun motoci ba ne. Suna buƙatar kayan asali da ƙwararren hannu ne, kuma wanda ya tara kuɗin sayensu da ƙyar ba zai iya riƙe su ba. A ra'ayina, ga mazaunin Gombe, amincin mota yana tsayawa ne a kan tambayoyi uku da ya kamata ka yi kafin ka ƙulla rai da kowane samfuri: kanikawa nawa ne a garin nan suka iya ta, wane kayanta ne ake samu a shago nan take, kuma wanne ne sai an aiko daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko ta Ladipo a Legas. Motar da za ta yi mako biyu a gareji tana jiran wani ƙaramin abu daga Legas ba amintacciya ba ce a wurinka, ko da ita ce ta ɗaya a ƙasar da aka ƙera ta.

Gargaɗi: idan kana zuwa ƙauye ko unguwarku tana fama da zaizayar ƙasa da damina, ka duba tsayin mota daga ƙasa. Motar da ke dukan ƙasa kullum za ta fasa kaskon baƙin mai wata rana.

Mataki na 3: Samo bakanikenka, ka yanke magana da dillali

Bakaniken da zai duba maka mota ya zama naka ne, wanda zai ci gaba da gyara ta bayan ka saya, kuma wanda ya ƙware a wannan samfurin. Kai za ka biya shi ladansa, kuma ka gaya masa tun farko cewa ladan yana nan ko an saya ko ba a saya ba. Idan ya san sai an yi ciniki zai samu wani abu, idonsa zai rufe a kan aibi da yawa. Kada ka yarda da bakaniken da dillali ya kawo, kuma kada ka bar su su keɓe.

Dillali kuma ka tambaye shi a fili nawa ne la'adarsa, wa zai biya, kuma dillalai nawa ne tsakaninka da mai motar. Sau da yawa mota ɗaya tana hannun mutum uku ko huɗu, kowa ya ɗora nasa.

Gargaɗi: kada ka ba da kafin alƙalami a wannan mataki, ko da an ce maka wani Alhaji yana hanya da kuɗinsa. Haka nan kada ka tura kuɗi saboda hotunan da ka gani a Facebook ko WhatsApp na motar da aka ce tana Legas ko Kwatano. Wannan cinikin biri a sama ne.

Mataki na 4: Lambar shasi da takardu

Wannan mataki yana zuwa kafin a buɗe bonet, domin motar da takardunta ba su inganta ba, lafiyar injinta ba ta da amfani.

Fara da lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, kuma babu I, O ko Q a cikinsu. Za ka same ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, kuma a motoci da yawa an buga ta a ƙarfen jikin motar. Dole duk su zama iri ɗaya, su kuma dace da abin da ke cikin kowace takarda harafi da harafi. Idan ka ga alamar walda, goge ko sabon fenti a kewayen lambar, ka bar motar nan take.

Lambar tana faɗin abubuwan da dillali ba zai faɗa ba. Harafin farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: J Japan, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, K Koriya, W Jamus. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, na goma yana nuna shekara: 1 zuwa 9 suna nufin 2001 zuwa 2009, A 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba. Wannan yana da amfani ƙwarai yanzu da ake sauya wa tsohuwar mota fitilu da bamba a mai da ita kamar sabon samfuri, a sayar da ta 2008 da kuɗin ta 2013.

Sannan ka rubuta lambar a Google. Yawancin motocin Amurka da ke shigowa ƙasar nan daga gwanjon Copart ko IAA aka sayo su, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye, kuma sau da yawa hotunan motar a ranar gwanjo suna nan a intanet, har da adadin tafiyar da mitarta ta nuna a lokacin. Idan motar mai tsada ce, biyan kuɗin rahoton tarihin mota na kamfanin Carfax bai kai komai ba a kan abin da zai tsare maka. Haɗari kaɗan a bamba ko ƙofa ba abin gudu ba ne, sai dai a rage farashi. Motar ambaliya da wadda gabanta ya murƙushe har shasi su ne abin gudu.

Idan Beljiyam ce, wato ba a taɓa yi mata lamba a Najeriya ba, ka nemi takardun kwastam na asali, ka kai su ofishin kwastam a tantance cewa an biya duti kuma an biya daidai da shekarar motar. Hedikwatar shiyyar kwastam ta wannan yanki tana Bauchi, tafiyar kusan kilomita 150 daga Gombe, kuma wannan tafiya ta fi sauƙi a kan a ƙwace maka mota a hanyar Kano ko Jos bayan shekara biyu. Daga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, saboda haka duk motar da aka ce 'yar Kwatano ce, takardunta suna buƙatar bincike ninki biyu.

Idan ta hannu ce, wato an riga an yi mata lamba a nan, ka nemi takardar shaidar mallaka, lasin mota, takardar ba da lamba, takardar lafiyar mota, inshora, da takardun kwastam na farko. Sunan da ke jiki ya zama na wanda ke sayarwa, ko kuma ya nuna maka yarjejeniyar da ta kawo motar hannunsa. Ka tantance lambar motar a wurin hukumar kiyaye haɗurra, ka kuma bincika a rajistar motoci ta 'yan sanda ko an taɓa kai rahoton satarta.

Gargaɗi: akwai motocin da suka yi shekaru a Legas ko Fatakwal, a cire musu lamba, a wanke, a manna musu takardun gwanjo a gilashi a ce Beljiyam ne. Ramukan kusoshin lamba da suka buɗe, ragowar sitika a gilashi, jar ƙasa a ƙarƙashin kafet da kayan gyaran gida a cikin inji suna tona su. Motar magada kuma, ko ta gwanjon ma'aikata, sai ka ga takardar izinin sayarwa.

Mataki na 5: Duba jiki da rana tsaka

Kada ka duba mota da magariba, ko cikin rumfa, ko tana jiƙe da ruwan wanki. A fito da ita fili. Tsaya a kusurwa ka kalli gefenta a tsaye, za ka ga inda fenti ya bambanta ko jiki ya yi tudu da kwari. Duba tazarar da ke tsakanin bonet da fenda, da tsakanin ƙofofi, ko daidai take a dama da hagu. Ka zo da ƙaramin maganaɗisu ka naɗe shi a ƙyalle: inda aka cika fila da yawa, wato abin da masu gyaran jiki ke cike lotsawa da shi, ba zai kama ba, sai dai ka tuna ba ya kama roba ko alminiyam tun asali. Buɗe bonet ka duba ƙarafa biyu da ke riƙe da inji ko an taɓa miƙar da su ko an yi musu walda, sannan ka ɗaga safaya ka duba ƙasan but.

Alamomin ambaliya suna ɓuya a inda mai wanki ba ya kaiwa. Ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka duba tabon ruwa, leƙa ƙarƙashin kujeru ka ga ko ƙarafan sun yi tsatsa, ɗaga kafet ka shinshina, a buɗe akwatin fis a duba ko akwai laka ko kore-kore a kan wayoyi. Irin wannan mota takan yi watanni lafiya, sannan wayoyinta su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma babu mai wayarin da zai iya kawo ƙarshen abin.

Motar da aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu ita ma ka bar ta, domin aikin yana taɓa birki da sitiyari. Dashbod da aka yanka aka haɗa da kuma waifa da ke sharewa ta ɓangaren fasinja suna nuna ta.

A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya, kuma kwaltarmu a watan Maris da Afrilu ba ta yafe wa tsohuwar taya. Idan gefe ɗaya na tayar ya fi cinyewa, akwai magana a ƙafar motar ko a shasi.

Mataki na 6: Tayar da inji da sanyinsa

Ka yi alƙawari da mai motar cewa za ku zo da sassafe kuma kada a tayar da ita kafin ku iso. Da zuwa ka ɗora hannu a kan inji. Idan da ɗumi, ka ce za ka dawo gobe, domin yawancin cututtukan inji a tashin farko suke bayyana, da ya yi zafi sai su lafa.

Kafin a murɗa makulli, a zaro sandar awon baƙin mai. Man da ya yi kauri fiye da kima yana iya nufin an zuba mai kauri ko maganin ƙara kauri don a danne ƙara da hayaƙi. A buɗe murfin zuba mai a haska ciki: baƙin dasƙararren datti yana nuna ba a juye mai a kan lokaci, farin kumfa mai launin madara kuma yana nuna ruwa yana haɗuwa da mai. A buɗe lagireto a ga ko ruwan sanyaya inji ne mai launi a ciki ko ruwan rijiya mai tsatsa, kuma ko akwai maiƙo a samansa.

Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ba tare da ka tayar ba. Fitilar cek, ta birkin ABS, ta jakar iska da ta baƙin mai dole duk su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ƙwanta ne ko an toshe ta.

Yanzu a tayar, kai kana tsaye a bayan salansa, bakanike yana gaban inji. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi shan baƙin mai ne. Baƙi yana nufin fetur yana wuce kima. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi yana nuna gaskit ya ƙone, amma ɗan tururin sanyin safiya lokacin hunturu ba komai ba ne. Ƙarar ƙarfe mai nauyi daga ƙasan inji dalilin barin mota ne gaba ɗaya. Idan murfin lagireto yana buɗe tun inji na sanyi kuma ka ga kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, gaskit ko tof silinda ya taɓu.

Ka lura da fanka. Idan ta kama tun daga murɗa makulli ba ta tsayawa, an haɗa ta kai tsaye, kuma galibi an cire tamostat ma, wato abin da ke daidaita zafin inji. Kanikawa da yawa suna yin haka da sunan zafin Arewa, amma a motar da ake sayarwa abin da ya kamata ka tambaya shi ne wace matsalar zafi aka rufe da wannan dabara.

Gargaɗi: kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Ruwan yana fita da ƙarfin da zai saɓule fatar fuska.

Mataki na 7: Sa kwamfuta, a shiga rami

Motocin Amurka daga 1996 suna da mahaɗar kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, na Turai masu fetur kuma daga farkon shekarun 2000. Mai kwamfuta ya karanta inji, giya, ABS da jakar iska, ba inji kaɗai ba. Idan bai ga laifi ko ɗaya ba, ka ce ya duba ko gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta sun kammala. Idan yawancinsu ba su kammala ba, an goge laifuffukan ne kwanan nan ko an cire batir, sai a sake karantawa bayan gwajin hanya.

Daga nan a hau rami. A duba yoyon baƙin mai da man giya, robobin shaf, boljoyin, shokazoba, tsatsar ƙasa wadda motocin Kanada da arewacin Amurka ke zuwa da ita saboda gishirin da ake zuba wa hanya lokacin ƙanƙara, da kuma tukunyar tace hayaƙi da kanikawa ke kira indomi, wadda ake yawan sacewa ko a fasa a kwashe cikinta saboda tsadarta. Rashinta yana kunna fitilar cek, kuma mayar da ita kuɗi ne mai yawa.

Mataki na 8: Gwaji a hanya

Zagaye ɗaya a layi ba gwaji ba ne. Ka zuba mai da kuɗinka, ku yi aƙalla rabin awa, a kashe rediyo, a kunna esi. Kafin a motsa, taka birki ka sa giya daga P zuwa D, sannan R. Jinkiri mai tsawo ko duka mai ƙarfi alamar giya ce ta fara gajiya. Ku fara da cunkoson cikin gari, wajen babbar kasuwa, inda allurar zafi za ta nuna halinta, sannan ku kama hanyar Bauchi ku yi hawan da ke fita daga gari zuwa Tumfure, domin hawa da esi a kunne shi ke fallasa inji marar ƙarfi da giya mai zamewa. Inda hanya ta buɗe, a kai gudun da doka ta yarda a ji ko sitiyari na rawa ko motar na ja gefe, a taka birki da ƙarfi idan babu kowa a baya. A fili kuma a murɗe sitiyari har ƙarshe a zagaya dama da hagu, ƙarar ƙas-ƙas tana nufin shaf ya ci.

Mitar motocin Amurka da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Ana kuma rage mita cikin sauƙi, don haka ka gwada abin da ta nuna da yadda sitiyari, robar birki da kujerar direba suka cinye. Da kun dawo a bar inji yana aiki, a sake leƙa ƙasa, a sake sa kwamfuta.

Mataki na 9: Ciniki, biya da rubutu

Sai yanzu ake maganar kuɗi. Ka sa bakanike ya rubuta duk abin da aka gano da kuɗin gyaransa, da wannan takarda za ka yi tayi. Idan aibin na inji ne, ko giya, ko shasi, ko ambaliya, ko takardu, ragin farashi ba ya gyara shi, haƙura ake yi.

Idan an sallama, ka biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai motar ko kamfanin dillancin, kada ka biya ta asusun yaron shago. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da sunaye, adireshi, lambar shasi, lambar inji, launi, farashi da kwanan wata, mai sayarwa ya bayyana a ciki cewa motar tasa ce kuma babu bashi ko rigima a kanta, shaidu biyu daga kowane ɓangare su sa hannu, a haɗa da kwafin katin shaidarsa da hotonsa. Ko da ɗan'uwanka ne ko abokin aikinka, a rubuta, domin addini ma ya yi umarni da kafa shaidu a ciniki. Ka karɓi takardun asali da makulli na biyu a wurin, kafin motar ta motsa. Makullan motocin zamani suna da tsadar yankawa, saboda haka rashin na biyu abin ragi ne.

Gargaɗi: kada ka ci gaba da yawo da sunan tsohon mai ita. Ka je ofishin lasin na hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha da kanka a sauya mallaka, kuma ka tantance inshorar da aka ba ka a rumbun bayanan kamfanonin inshora na ƙasa, domin ta bogi ta yi yawa a hannun 'yan bakin ofis.

Mataki na 10: Makon farko

Duk abin da aka gaya maka game da sabis na ƙarshe, ka ɗauka ba a yi ba. A juye baƙin mai da matacinsa, a zuba irin wanda aka rubuta a murfin inji ko littafin motar, kamar 5W-30 ko 0W-20, kada a zuba mai kauri don kawai shi aka saba da shi. A sauya matacin iska, a duba fulogi da birki, a wanke lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, a mayar da tamostat da fanka yadda kamfani ya tsara bayan an gyara abin da ya sa aka taɓa su. Idan injin mai bel ɗin tamin ne, kamar na Peugeot 406 ko Honda mai silinda shida, a sauya bel ɗin tare da famfon ruwa nan da nan, domin tsinkewarsa a irin waɗannan injuna yana lanƙwasa bawul. Man giya kuma a zuba ainihin wanda kamfanin ya ambata, kuma idan tsohon ya yi baƙi yana warin ƙuna, a tsiyaye a ƙara kawai, kada a wanke giyar da inji mai matsi. Mai Honda ya sa boljoyin na asali ko da na jiki bai fara ƙara ba.

Kada ka ɗauki iyali zuwa Kano, Yola ko Abuja a wannan mako. Ka yi ta zirga-zirga a cikin gari, sannan ka gwada zuwa Kumo ko Dadin Kowa ka dawo. Kowace safiya, kafin ka tayar, ka duba baƙin mai da ruwa a wuri mai daidai, ka rubuta abin da mita ta nuna. Bayan kilomita 1,000 za ka san ko injin yana shan mai da kuma nawa yake sha, kuma da wannan lissafin ne bakanikenka zai yanke ko ƙari kawai za a riƙa yi tsakanin sabis da sabis ko kuwa sai an sauke inji an sauya zobe.